Saura Gwanda Ɗaya

Assalamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, sannu da ƙoƙari. Ni ce Maman Sadiya daga Soron Ɗinki.

Shekara huɗu ke nan da maigidana ya tsallaka Nijar, lokacin da sojoji ke kamen malaman makaranta masu yajin aiki. Ya bar min bishiyar gwandarsa a tsakar gida. Da mulki ya dawo hannun farar hula, sai ya aiko wani direba ya ce min yana nan tafe ranar Juma'a.

Nan da nan na tsinko gwanda ɗanya, tauri kamar dutse. Na tsattsaga bayanta da wuƙa don farin ruwan ya tsiyaye, yadda maigidan yake yi, na cusa ta cikin buhun gero. Kullum da safe sai na danna ta da babban yatsa. Kwana biyu ko gezau. Rana ta uku ta fara saki, ran Juma'a ta yi laushi daidai yadda yake so. Bai zo ba. Ran Litinin yatsana ya nutse a ciki, ta fara tsami, na ba awaki. Ta biyu ma haka ta ƙare.

Yanzu saura ɗaya a bishiyar. Ban taɓa ta ba, amma ta fara rawaya da kanta.

Masu sauraro, akwai dabarar hana gwanda nuna? In kuma Baban Sadiya yana jina, ina gaishe shi. Ni zan iya jira, gwandar ce ba za ta iya ba.

Na gode, a huta lafiya.