Mai Cokali da Gwangwanayen Ɗakin Baya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamanmu, tsofaffin abokan aiki, Inna matar marigayi, da ke 'yarsa tilo, sannunmu da wannan rashi.

An ce in yi magana domin na fi kowa daɗewa tare da shi a ginin nan. Ku dubi inda muke zaune. A da, nan ake sauke kwandunan tumatir da mangwaro. Can inda kwanon rufi ya yaye, mata arba'in ne ke fira da yanka. Kakanninmu suka ɗora tubalin masana'antar nan, iyayenmu suka tsufa cikin tururinta, mu kuma a kan idonmu aka garƙame ta.

Ya kasance mutum na ƙarshe a layin aiki. Gwangwani zai fito daga tukunya ya huce, sai ya ƙwanƙwasa murfinsa da cokalin shayi, ya kasa kunne. Mai kyau ya wuce, wanda iska ta shiga a ware shi. Shi ya sa muke ce masa Mai Cokali. Har tsokanarsa muke yi, wai ran da aka haifi 'yarsa sai da ya ƙwanƙwasa kanta kafin ya karɓa.

Ya kasance mai ƙarancin magana. Ya kasance in ya ce a'a, to an gama.

Shekarar da masana'anta ta fara tangal-tangal, aka sami wani babban mai saye. Kwana tara muna zuba tumatir ba hutu. Mai Cokali ya ƙwanƙwasa gwangwanayen, ya ce kayan ba za su fita ba. Manaja ya ce, “Haba malam, cokali ne zai hana mutum ɗari cin abinci?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, har yara za su ci wannan. Ni dai ba da hannuna ba.” Ya kulle su a ɗakin baya. Mai saye ya tafi, bayan wata uku aka sallame mu duka.

Inna, kin san sauran. Muka daina gaishe shi. Matanmu suka ɗauke ƙafa daga gidanki. Ke kuma 'yarsa, ke aka riƙa nunawa da baki a makaranta. Shekara ashirin da biyu muna cewa shi ya kashe mana aiki. Da ciwo ya kwantar da shi, mu nawa muka leƙa? Ni ban je ba.

Makon jiya masu rusau suka ɓalle ɗakin baya. Gwangwanayen suna nan, sun kumbura sun fashe, baƙin ruwa ya bushe a bango har sama. Wani zai ce daɗewa ce. Ba daɗewa ba ce. A lokacin, ni ne a kan injin rufe murfi. Tun rana ta biyu na ga bakinsa ya cinye, ba ya matsewa, na yi shiru don kada a tsayar da aiki. Shi ma ya gane. Ya zo ya duba injin, ya dube ni, ya koma wurinsa. Har ya bar duniya bai ambaci sunana ba.

Inna, kunya ta kama ni. Ban ce ki ce komai yau ba. So nake ki ji daga bakina, a cikin ginin nan, kafin a rushe shi.

Na gode da kuka saurare ni. Allah ya jiƙan Mai Cokali, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi maƙwabtan da suka fi mu.