Sanarwar da Ta Zaga Kasuwa a Bayan Baba Maigadi

Mai girma shugaban majalisa, masu girma kansiloli, Malam Sakatare mai riƙe da biro, Baba Maigadi mai riƙe da makulli, iyayena da yayyena da suka cika wannan zaure, har da masu leƙe ta taga, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama, ni da karatuna bai wuce allo ba. Ina kuma taya kujerun jama'a murna, domin yau ne suka fara ɗaukar mutum, a da fayil kawai suka sani.

Na farko, an ce kowa yana da 'yancin shiga zaman nan, an ce kuma ana sanar da jama'a. Gaskiya ne, ana sanarwa. Sai dai allon sanarwar yana bayan ƙofar ofis. In an buɗe ƙofa, ta rufe allo, in an rufe ƙofa, ta rufe mu a waje. Gizo-gizo kaɗai ke karantawa, shi kuwa bai taɓa kawo mana labari ba.

Na biyu, ga Kawuna can, mai gyaran takalma, shekara talatin yana gindin bishiyar kwanar kasuwa. Shekaranjiya na shigo ofis, iska ta turo ƙofa, na ga takarda da zanen bishiya. Na ce wa Anti mai buga takardu, "Me aka rubuta nan?" Ta ce, "Bishiyar kawunka za a sare, jibi za a yanke shawara." Na ruga na gaya wa Kawu. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai da tsokanarka! Takalmansu duka ni ke ɗinkewa, za su sare inuwata ban ji ba?"

Na uku, zan amsa laifina a gaban shaidu. Ni na ciro takardar, ni na shafa mata gam ɗin Kawu, ni na manna ta a bayan rigar Baba Maigadi. Baba ya ratsa kasuwa tun daga 'yan kayan miya har tasha, mutane na biye da shi suna karatu, shi kuwa yana cewa, "Ikon Allah, yau kowa ta baya yake gaishe ni!" Baba, ka yafe mini. Abin da allo ya kasa yi a wata guda, bayanka ya yi kafin la'asar.

Roƙona ke nan: a fito da allon nan waje, a riƙa karanta shi da baki saboda irina, kuma kada a ɗaga hannu kan bishiyar nan sai an ji ta bakin mai zama a gindinta. In hakan ya gagara, ba komai. Gam ɗin Kawu bai ƙare ba, kuma na lura rigar mai girma shugaba ta fi ta Baba faɗi.

Allah ya yi wa shugabanninmu jagora, ya bar wa Kawu inuwarsa, ya huci zuciyar Baba, ya mai da kowa gida lafiya. A dai shafa baya kafin a fita.

Na gode.