Rigar Murnar Mutuwar Minista

Jama'ata, barkanku! Ku matso, yau kunnena ya yi kamu a shagon wata Hajiya mai buga hoto a riga. Ina jiran aikina wani saurayi ya faɗo.

"Hajiya, ministan nan ya mutu! Ki buga min fuskarsa, ki rubuta Allah raka taki gona."

"Me ya yi maka, ɗana?"

"Ya rushe kasuwarmu. Baƙin cikin ne ya kashe babana."

"Allah ya jiƙansa. Ni ma shagona na farko a rusau ɗin ya tafi."

"To kin gani! Ki sa jan fenti."

"Zan buga. Amma yana raye ya hau wuyanka, ya mutu kuma ka ɗora shi a ƙirji? Ka wanke shi, ka shanya shi, ka goge shi?"

"Kai, Hajiya!"

"Har turare za ka fesa masa. Baban naka fa, wa ya taɓa sa riga mai hotonsa?"

Saurayi ya sa hannu a aljihu. Ya lalubo waya ya miƙa mata.

"Ga Baba a bakin rumfarsa. Zai fito da kyau?"

"Har murmushin."

Ku fa, wa za ku ɗauka a ƙirji?