Bencin da Ke Bayan Gini

A tashar bas da ke fuskantar ɗakin allurar rigakafin annoba, wani mai wanke-wanke a gidan abinci ya zuba wa ƙofar ido. Wata mata ta zauna a ƙarshen bencinsa, tana danne da auduga a damtse.

"Malam, layi ya ragu. Ba za ka shiga ba?"

"Bas nake jira."

"Ga shi can ya tashi, ko kallonsa ba ka yi ba."

Ya gyara takunkuminsa. "Baiwar Allah, suna tambayar takardar izinin zama?"

"Ni dai hannun riga kawai aka ce in naɗe."

"Haka ake faɗa. Amma tun safe nake nan, duk wanda ya shiga ƙofar can ban ga fitowarsa ba. Maigidana ya ce ko allura ko in bar masa aikinsa, ga takardata ta mutu tun bara. In aka riƙe ni a ciki, wa zai gaya wa 'ya'yana?"

"Ai ta baya ake fita, don kada a cakuɗu."

"Ke mai takarda ce, dole magana ta yi miki sauƙi."

"Wa ya ce maka ina da ita?"

Ya dube ta sosai. "To, ya aka yi kika yarda da su?"

"Yarda kuma? Akwai wani benci a bayan ginin. A can na yi nawa gadin, har na gaji da ganin masu fitowa."

Ya miƙe.

"Ta ina ake zagayawa?"