Alhaji, Sauke Hannu Guda

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ya aiki, ya iyali? Baba Lawal ne daga Ƙofar Marusa. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mani.

Shekara da shekaru ina kukan cewa a garin nan aljihu ke yanke hukunci, mu sai dai mu ji labari. To, satin jiya wani Alhaji ya nemi sayen rijiyar unguwarmu, ya kewaye ta, ya riƙa sayar mana da ruwan. Wai kasuwa ta fi kowa adalci, mai so ya biya. Mai unguwa ya tara mu ƙofar masallaci, ya ce a ɗaga hannu. Alhaji ya ɗaga biyu. Na ce, “Alhaji, nan ba kasuwa ba ce, sauke guda!” Aka fashe da dariya, muka rinjaye shi. Wallahi ruwan ranar ya fi na kullum sanyi, alhamdu lillahi.

Amma ya tafi yana cewa mu haɗu a ofis. Malam, a ofis ma kowa hannu guda gare shi? Ku nemo masani ya amsa mani a rediyon nan, ban yarda da “za a duba” ba.