Asalin Gidan Mai Tsani

A ɗakin jira na ofishin adana tsofaffin takardu, wani malamin makaranta yana ta gyara tabaransa da aka ɗaure da zare. Tsohuwar da ke gefensa ta gama abin da ya kawo ta, tana hutawa.

"Ɗana, me ka zo nema?"

"Asalin sunanmu, Iya. 'Yan gidan Mai Tsani ne mu. Jibi za a buga littafin zuriya, har yanzu ban sami shaida ba. An ce kakan kakanmu ne ya fara zama a garin nan, ya gina benen farko."

Tsohuwar ta yi dariya har da hawaye. "Wane bene? Ɗaki ɗaya ne tal. Shi kaɗai ya zo, ya tsaya daga ciki yana ta ɗora tubali. Sai da bango ya wuce kansa ya tuna bai bar ƙofa ba."

"Haba, Iya."

"Kwana biyu yana kiran jama'a, alhali babu jama'ar. Wata mai yin itace ce ta ji shi, ta ɗaura tsani ta zura masa."

"Wa ya gaya miki?"

"Kakata. Mai itacen ce ta haife ta."

"Ya auri mai itacen ke nan?"

"To da wa zai aura? Duk garin su biyu ne."

Malamin ya ƙura mata ido, bakinsa ya ƙi rufuwa. Magatakarda ya kira lambarsa sau biyu. Da tsohuwar ta miƙe za ta tafi, sai ya ɗauki jakarta ya bi bayanta.