Makullin Durowar Darakta

A bencin ƙofar ofishin darakta, wani tsoho da wata malamar asibiti suna jira.

"Baba, wai darakta ya yi tafiya da makullin durowar hatimi. Mataimakinsa na ciki, amma ko izinin gyaran famfo ba ya iya bayarwa."

"Allah sarki zamaninmu. Nan na yi aiki, 'yata, har na zama darakta. Maigidana in zai yi tafiya, sai ya damƙa min makullin ya ce, 'In ka yi kuskure, nawa ne.' Da haka muka koyi aiki."

"To ku da kuka hau, wa kuke bar wa?"

"Wa zan bar wa? Yaran ba su da natsuwa."

"Har da daraktan yanzu?"

"Wannan ai ni na raine shi."